Lambata a Shafin Zinatu

Ranar Asabar ta biyu a watan Afrilu na karɓi shafin matata daga hannunta. Ba faɗa muka yi ba. Na miƙa hannu, ta ba ni wayar, ta tashi ta duba tukunya. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka muka kai ta makwancinta.

Ku da kuke bin wannan labari kun dame ni da saƙo cewa ina kewaye-kewaye. Wata ma ta rubuto ta ce, "Baba, soyayya muka zo karantawa, ba noman rani ba." Na gode, 'yata. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a sakandare, na saba da masu son sakamako ba tare da darasi ba. Ga sababbin zuwa: sunana Waliyyu, ina zaune a Sabon Garin Jega, na yi ritaya, matata Zinatu ta rasu bara. Abin da ya sa yau zan daina kewaye shi ne yayata Tani ta samo mini mata, matar ta amince, kuma abin da ya sa ta amince ƙarya ne.

Jiya da hantsi Yaya Tani ta yi sallama ta shigo kafin in amsa. Leshi ne a jikinta ruwan zuma, da mayafin da take ajiye wa biki, sai na san ba gaisuwa ta kawo ta ba. Ta ture littattafan da ke kan kujera, ta zauna, ta miƙo mini wayarta.

"Dubi nan. Husna, malamar firamare ta. Mijinta ya rasu shekara ukku."

Na gyara tabarau. Mace ce mai kamala, da hijabi ruwan toka, tana kallon mai ɗaukar hoton kamar ya makara.

"Na gani. Allah shi ba ta miji nagari."

"Ya ba ta. Ga shi nan zaune da singileti shina warin tsohuwar takarda."

"Yaya, mi tag gani gare ni? Furfura ko fansho?"

"Cewa tay yi, namijin da za shi zauna bisa tabarma shina tambayar matatai ilmi, shina rubutawa, irinai ba su da yawa. Duk Sabon Gari an san yadda kay yi ma marigayiya. Jumma'a nika son amsa, Waliyyu. Na gaji da aiko maka tuwo."

Ta tafi ta bar mini hoton a waya. Ni kuma na zauna na fara rubuta wannan.

Zinatu 'yar Aliero ce, garin da yaro ke sanin albasa kafin ya san sunan ubansa. Noman kowa ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne ajiya. Ana cire albasa da bazara, lokacin da ta cika kasuwa har ba ta da daraja, sai a jera ta a rudu, wato gadon itace da aka ɗaga daga ƙasa aka yi masa rufin ciyawa, a jira damina ta yi nisa. Tsakanin jerawa da sayarwa ake yin kukan. Mutum zai rufe rudu cike, ya buɗe ya tarar rabi ya zama ruwa. Mahaifiyar Zinatu, wadda kowa ke kira Inno, tun tana da ƙuruciya ake zuwa daga ƙauyuka a ɗauke ta ta duba rudun mutane. Takan tsaya daga nesa ta shaƙi iska, ta ce a buɗe kusurwar gabas. A buɗe, a tarar. Zinatu ta gaji hancin, ta gaji hannun.

Lokacin da na je neman aurenta ina sabon malami, da wando mai kari da biro uku a aljihu. Na karanta mata wata doguwar wasiƙa da na yi mako ina shiryawa. Ta saurara har ƙarshe, kanta a ƙasa, sannan ta ce, "To Malam, wanga duka so na, ko wa'azi?" Shekara talatin da uku muka yi tare, da 'ya'ya mata biyu da suke gidajen mazajensu yanzu, kuma ban taɓa gama amsa mata wannan tambaya ba.

A watan Maris na bara Inno ta faɗi a tsakar gida ta karya ƙugu. Ta warke, amma yawon duba rudu ya ƙare. Zinatu ta dawo daga jinya da wata damuwa: sanin da ke cikin kan tsohuwar nan zai bi ta ƙasa, ita kanta kuma ƙafafunta sun fara kumburi, likita yana maganar ƙoda. Ta kira ƙanenta Sanusi, wanda ke aikin kwamfuta a Kaduna, ta ce ya yi mata wuri a intanet da za ta zuba abin da ta sani. Ya yi mata shafi guda, ya sa masa suna Rudun Inno. Ta ɗauki muryarta sau uku tana bayani, ya ɗora, ya rubuta abin da ta faɗa a ƙasa, ya sa lambar wayarta a sama.

Sai ya aiko mata da saƙon murya, wanda na ji domin a gabana ta kunna.

"Yaya, yin shafi ba wuya. A same shi a Gugul shi ne aikin, kuma ba a fara aikin sai an san abin da ake nema. Ki amsa mini abu huɗu. Wa kike so ya same ki? In yana cikin matsala, me zai rubuta ko ya faɗa wa wayarsa? In ya same ki, me kike so ya yi? Kuma mutum nawa, zuwa yaushe? Kar ki ce mini kowa da kowa. Wanda ya ce kowa yake nema, ba ya samun kowa."

Tana tsince shinkafa a faifai, da ɗaurin ƙirji na tsohuwar atamfa mai zanen ganye. Ba ta ko ajiye faifan ba. Ta danna wayar da ɗan yatsa mai lalle ta ce:

"Wanda nika so shi same ni, mai albasa cikin rudu wadda ta hwara wari. Abin da za shi ce ma wayatai, 'albasata na ruɓewa.' Abin da nika so shi yi, shi kira ni, in tambaye shi abin da yag gani. Mutum goma sun ishe ni, kahin Agusta ta ƙare. In an wuce nan, wadda za ta ruɓe ta ruɓe."

Na yi dariya. Ina jin sautin dariyar har yau, irin ta malamin da ɗalibi ya ba shi amsa gajeriya. Mutum goma. Aji na ƙarshe da na koyar ɗalibai tamanin da huɗu ne. A ce an buɗe ƙofa ga duniya baki ɗaya, a tsaya ana jiran mutum goma.

Mako guda na yi ina karanta duk abin da aka rubuta a kan yadda shafi ke hawa sama a wurin bincike. Ni mutum ne da in na karanta littafi biyu a kan rijiya sai in ga na fi mai haƙa ta sani. Na gano cewa kalmar da aka fi nema ita ce albasa kawai, sai kuma amfanin albasa. Dubban mutane kowane wata. Masu neman maganin ruɓewa kuwa, ko a jadawali ba su fito ba don ƙanƙanta. Na yanki kwali na rubuta NA ƊAYA A GUGUL da jan biro, na manna a jikin kabad ɗin littattafai. Ban rubuta don wa ba. Ban rubuta zuwa yaushe ba. Sannan Asabar ɗin nan ta zo, na miƙa hannu.

Abu na farko da na taɓa shi ne lambar.

"Lambar matar aure a baza ta duniya, kowane ɗan tasha shi kira? Ba gidana ba."

"Malam, jika huɗu gare ni. Wa za shi kira ni zance?"

"Ni dai tawa za a sa. In an kira, in miƙo maki."

Ta dube ni ɗan lokaci, ta yi murmushin da take yi in ta ga ba riba a gardama.

"To. Kai dai ka miƙo."

Kada wani ya ce kishi ne na soyayya. Da kishi ne da na yafe wa kaina. Ban so ba ne a ce akwai wani sani a gidan nan da ake nema, kuma ba ta hannuna zai bi ba.

Na zauna na rubuta. Na rubuta tarihin albasa tun daga Masar ta dā. Na rubuta amfaninta goma sha biyu a jikin ɗan Adam. Na rubuta albasa a karin magana, albasa a girki, albasa a littattafan likitocin Larabawa. Hausa mai tsabta, ba kuskure ko na waƙafi. Shafinta mai murya uku na tura shi can ƙasa, ƙarƙashin wani kai da na kira Sauran Bayanai. Kuma mutane sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Kowace safiya bayan na sha kunu nakan buɗe jadawalin da Sanusi ya nuna mini, in ga layi yana hawa kamar hayaƙi. Akwai wurin da ke nuna abin da suka rubuta kafin su iso. Yawancinsu 'yan mata ne masu son gashi ya yi tsawo, sauran kuma maza masu neman abin da kunya ba za ta bar ni in rubuta ba.

Sanusi ya turo saƙo: "Malam, baƙi dubu shida, amma kowa daƙiƙa tara yake yi ya fita. Tasha ka buɗe, ba shago ba."

Na mayar masa: "Ka bari in ka yi furfura mu yi magana."

Ya turo hoton fuska mai dariya da hawaye. Tsakanin mutum da ƙanen matarsa akwai wasa, kuma Sanusi bai taɓa barin haƙƙinsa ya kwana ba.

Ita kuwa Zinatu, kullum in na dawo daga sallar La'asar tana zaune a gindin darbejiya, ƙafafunta a miƙe kan matashi, sai ta ce, "Malam, an kira?" In ce ba a kira ba. A lokacin gaskiya nake faɗa.

Washegarin Babbar Sallah muka je Aliero gaida Inno. Sanusi ya zo daga Kaduna da shadda fara ƙal da hular da ta fi kansa tsada. Ana suya a tsakar gida, Inno na kwance kan gadonta na ƙarfe da aka fito da shi inuwa, ni ina daga bakin zaure kamar yadda ya kamaci suruki. Sanusi ne ya tayar da maganar.

"Inno, kin san surukinki ya zama likitan gashi? 'Yan mata dubu shida ke bin sa."

"Sanusi, ka ji tsoron Allah," in ji Zinatu, tana rufe baki da mayafi.

Na ce ya buɗe jadawali ya faɗa wa jama'a mutum nawa suka shiga shafin yayarsa. Ya duba, ya ce arba'in da uku.

"Arba'in da ukku, cikin wata ukku," na ce. "Ko mai tallan goro ya fi haka."

"Malam, ruwa bai zauna ba tukuna. Ba wanda ke neman maganin ruɓewa sai albasa ta fara wari. Kuma a kan wannan magana ita ce ta farko da ke fitowa, don ba wanda ya rubuta a kai da Hausa sai ita. Kai kuwa kana kokawa da manyan jaridu a kan kalma ɗaya. Na nawa kake yanzu?"

"Na bakwai."

"Allah ya ba da sa'a."

Mata suka yi dariya daga wurin suya. Jinina ya hau. Na ɗaga murya yadda har na cikin ɗaki za su ji, na ce in mutum ɗaya tak ya kira saboda shafin nan, ni Waliyyu zan ɗauki buhun albasa a ka daga Aliero har Jega da ƙafa.

"Inno, ke ce shaida," in ji Sanusi.

Tsohuwar ba ta dube ni ba, domin ba ta taɓa duban fuskata ba tun da na auri 'yarta. Ta ce da bango, "Na ji."

Kwana tara bayan haka, bayan ruwa biyu masu ƙarfi, ina zaure ina gyaran wani rubutu wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Muryar mace, da kukan awaki a bayanta.

"Salamu alaikum. Don Allah mai muryar nika nema."

"Wace murya?"

"Ta cikin waya, mai maganar rudu. Sunana Hafsatu, daga Liba nika kira, ƙasar Maiyama. Maigidana ya yi tahiya ya bar man albasa, ta hwara wari. Ban iya boko ba, sai nic ce ma wayar albasata na ruɓewa, sai ga wata baiwar Allah tana magana kamar tana gabana. Na yi abin da tac ce. Amma akwai wani baƙin gari da nika gani bisa ɓawo, ba ta yi maganatai ba. In zubar duka?"

Daga inda nake zaune ina hango Zinatu ta ƙofar zaure. Taku goma sha biyar ne tsakaninmu. Tana gyangyaɗi, carbi a hannu. Na ga buhu a kaina a kan titin Aliero, na ga Sanusi yana bina da mota a hankali yana ɗaukar hoto, na ji dariyar matan nan ta wurin suya.

Na ce, "Ba ta kusa. Ki kira bayan La'asar, in tambayar maki."

"To Malam. Ka gaya mata wata ta gode."

Na shiga gida da littafin rubutu, na ja tabarma kusa da ita, na kira ta da sunan da na saba kiranta.

"Ta Inno, in baƙin gari ya hito bisa ɓawon albasa, zubarwa aka yi?"

Ta buɗe ido. "Kai kuma? Mi ya haɗa ka da baƙin gari?"

"Wani rubutu nika yi."

Ta gyara zama, fuskarta ta washe yadda na daɗe ban gani ba. "A'a, ba a zubarwa. A ɓare ɓawon sama, a danna wuyan da babban yatsa. In da ƙarhi, a baza ta inuwa inda iska ka bi, kwana biyu, ban da rana. Ita za a hwara kai kasuwa. In wuyan ya yi laushi ko shina ruwa, a kai ta nesa da rudu, kada a zubar ƙarƙashi, don warin na kiran sauran. Rubuta da kyau, Malam. Yau kai a ɗalibi."

Na rubuta. Bayan La'asar da Hafsatu ta sake kira na fita waje na karanta mata. Da na dawo Zinatu ta ce, "An kira?" Na ce ba a kira ba.

Niyyata ita ce in gaya mata ranar da na hau na ɗaya. In kawo labari biyu tare, nawa da nata, yadda ba wanda zai ce wani ya kayar da wani. Ina na shida a lokacin. Na ɗauka mako biyu ne.

Amma wanda ya ɓoye na farko, na biyu ya zame masa dole. Wani dattijo ya kira daga Jiga Makera, ciyawar rufinsa na yoyo. Wata Bafillatana daga wajen Maiyama, rabin maganarta da Fillanci, mijinta ya fara noman albasa bayan shanu sun ragu. Wani daga ƙetaren iyaka, Nijar. Duk muryar suke nema. Duk nakan ce ba ta kusa, in ɗauki littafi in ja tabarma. Yaushe ake daina ban ruwa kafin cira? Wuya yatsa nawa ake bari in za a yanke ganye? Me ya sa wadda ta sha taki da yawa ba ta jimirin ajiya? Tana amsawa, ina rubutawa. Maƙwabta masu shigowa duba ta suna ganinmu. Haka labarin ya fita Sabon Gari cewa Malam Waliyyu, da duk karatunsa, ya durƙusa gaban matarsa yana ɗaukar darasi. Wannan ne mutumin da Husna ta ce tana so.

Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: kwanakin nan su ne mafi daɗi a aurenmu. Takan ce a dafa mini shayi da kanumfari kafin mu fara. Ranar da ƙafar ta yi sauƙi har kwalli take sawa, ta ɗaura kallabin da na sayo mata a Sakkwato. Wata rana ta ce, "Shekara talatin da ukku kana karanta man, yau ina karanta maka. Ashe da rabon in ga haka." Na ce Allah ke nan. Littafin yana kan cinyata, da sunan mai tambayar a rubuce a bayan shafin, inda ba za ta gani ba.

Da farko kullum take tambaya ko an kira. A watan Yuli ta koma ranar Jumma'a kawai. Da Agusta ta kama ta daina. Na ɗauka in ta daina zan samu sauƙi. Nakan dawo daga masallaci in tsaya a zaure ina jiran tambayar, sai in ji shiru, sai ƙarar carbi.

Na kai na huɗu a farkon Agusta. Har yau ina nan na huɗu, ga mai son sani.

Ranar Laraba, sha huɗu ga wata, numfashinta ya yi nauyi tun da safe. Muka ɗauki mota zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Aka ba ta gado kusa da taga, aka sa mata ruwa. Inno ta ce ko a kan kujera ne sai an kawo ta, aka kawo ta, ta zauna gefen gado tana riƙe da ƙafar 'yarta. Wajen Azahar Zinatu ta farfaɗo sosai, har ta nemi a gyara mata kallabi. Ta yafito ni.

"Malam, in mun koma gida ka ce ma Sanusi shi sauke shahin nan nawa. Kai ad da gaskiya. Ba mai nema."

"Ki bar wagga magana yanzu."

"A'a, ba don haushi ba. Na ɗauka abin da Inno tas sani na da amfani ga mutane. Wataƙila zamaninai ya wuce. Ka riƙe wanda kar rubuta, ko jikoki sun karanta."

A lokacin mutum goma sha ɗaya ne suka kira. Ta cika burinta da saura kwana goma sha bakwai, har da ƙari. Sunayensu na aljihun rigata. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan Inno, wadda ta ce da bango ta ji. Na ce a raina, bari tsohuwa ta fita alwala, ba a gaban suruka ba.

Inno ta fita. Wata ma'aikaciya ta tura kujerarta, aka bar mu mu biyu, kusan minti goma. Ina so in ce muku likita ne ya shigo, ko waya ta yi ƙara. Ba abin da ya faru. Na tsaya ina shirya jimlar a kaina, ina neman yadda zan fara ba tare da na fito maƙaryaci ba, ina sauya kalma ina gyara wata, kamar wasiƙar nan ta farko. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kin sha maganin rana?"

Ta ce ta sha. Ta lumshe ido. Ba ta sake buɗe shi da sanin wanda ke gabanta ba. Washegari bayan La'asar ta cika.

Ban sauke shafin ba. Na mayar da shi sama, na kwashe tarihin Masar da amfani goma sha biyu na tura su ƙasa, na yage kwalin da ke jikin kabad. Sanusi ya lura, kuma tun daga ranar bai sake yi mini wasa ba. Bana da ruwa ya zauna kiran ya dawo. Abin da ke cikin littafi nakan karanta musu. Abin da babu, nakan hau mota in je Aliero in durƙusa a bakin ƙofar Inno in tambaya, ta amsa wa bango. Ba ta taɓa tambayata don wa nake tambaya ba.

A watan jiya Hafsatu ta Liba ta sake kira. Ta ce bara kashi ɗaya cikin goma kawai ta rasa, maigidanta ya dawo ya tarar da rudu lafiya, har matan unguwarsu yanzu ita suke tambaya. Ta ce tana so ta zo Jega da kanta ta ga mai muryar. Na gaya mata ta rasu. Ta yi salati, ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta ce, "Allah sarki. Amma dai ka gaya mata na gode, ko, Malam?"

Na ce layin ba kyau, ba na ji sosai.

Yaya Tani tana son amsa ranar Jumma'a. Ga amsar: in na gama wannan zan tura wa Husna ta karanta da idonta, tun kafin wani ya kai goro. In ta karanta ta ce ta fasa, ta yi daidai, kuma ba sai ta ba da dalili ba. In ta ce tana nan, to ta san wanda za ta zauna da shi, mutumin da zai iya riƙe albishir a aljihu kwana hamsin don kada a yi masa dariya. Sanusi ma zai gani. Inno ba ta karatu, ita sai na je da bakina, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Wadda ya kamata ta ji kuwa ba ta da waya yanzu. Na rubuta dubban kalmomi a kan albasa, na rubuta muku wannan duka, alhali abin da ake bukata bai kai layi biyu ba, kuma ko yaro zai iya faɗarsa ba tare da shiri ba.

Ta Inno, an kira. Mutum goma sha ɗaya. Ta farkon sunanta Hafsatu, daga Liba, ta ce in gaya maki ta gode.